Yadda Ake Zaɓen Anka ga Ƙaramin Jirgin Ruwa

Wanda ya sayi ƙaramin jirgin ruwa don shaƙatawa ko don kamun kifi na nishaɗi, abin da yakan fara ɗauke masa hankali shi ne inji, sai fenti da kujeru da rumfa, ita kuwa anka, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa don ya tsai da jirgi wuri ɗaya, ba a cika tunawa da ita ba sai an riga an sa jirgin a ruwa. A lokacin ne za a waiwaya a nemi wani abu mai nauyi, bulon siminti ko tsohon ƙarfen mota, a ɗaura masa igiya a ajiye a gaban jirgi, a ce an sami abin tsayawa. Tushen wannan kuskure shi ne zaton cewa nauyi ne yake riƙe jirgi. Gaskiyar magana ita ce anka tana riƙe jirgi ne da cizon da take yi wa ƙasan ruwa, nauyinta kuwa aikinsa kawai ya taimaka mata ta huda ƙasar ta shiga ciki. Wanda ya fahimci wannan, sauran zaɓin duka zai zo masa da sauƙi.

Lissafi kaɗan zai nuna haka. Ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda take tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jirage, ta ƙiyasta cewa jirgi mai tsawon ƙafa 20, wato kimanin mita 6, yana jan igiyarsa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 41 idan iska tana gudun kilomita 28 a awa ɗaya. Idan gudun iskar ya ninka ya kai kilomita 56, jan ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, ya haura kilo 160. To, a ɗauki bulon siminti mai kilo 20. Da zarar ya nutse, ruwa yana ɗauke masa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa, sai ya koma kamar kilo 12, kuma ba shi da baki ko farce da zai kama ƙasa da shi. Ƙarfe ba ya asarar fiye da kashi 13 cikin 100 a ruwa, amma shi ma idan dunƙule ne kawai, jirgi zai yi ta jansa a kan laka kamar an ɗaura wa jaki turmi. Anka mai kilo 5 da aka ƙera da kyau, idan ta nutse cikin yashi, tana iya riƙe abin da ya ninka nauyinta sau goma ko ashirin, har fiye.

Manomi zai fi kowa saurin gane yadda abin yake, domin anka 'yar'uwar garmar shanu ce. Idan shanu suka ja garma a kwance, bakinta nutsewa yake yi cikin ƙasa, yana ƙara shiga gwargwadon ƙarfin jan. Idan aka ɗaga ta sama, nan take za ta fito. Anka ma tana da ƙota, tana da baki, kuma tana buƙatar a ja ƙotar a kwance daidai da ƙasan ruwa. Wannan ne ya sa tambaya ta farko ba ita ce kilo nawa za a saya ba. Tambaya ta farko ita ce: wace irin ƙasa ce a ƙarƙashin ruwan da za ka riƙa tsayawa a kai?

Hanya mafi sauƙi ta samun amsa ita ce tambayar masuntan wurin, domin mai jefa taru da koma ya san inda yashi yake da inda dutse yake kamar yadda ya san tsakar gidansa. Akwai kuma tsohuwar dabarar matuƙan teku, wadda har gobe tana aiki. A samo dunƙulen dalma ko ƙarfe mai ɗan rami a gindinsa, a cusa kitse ko sabulu mai laushi a ramin, a ɗaura siririyar igiya a sauke shi har ya taɓa ƙasa, sannan a jawo. Idan ya fito da ƙwayoyin yashi manne a jikin sabulun, ka san abin da ke ƙasa. Idan baƙar laka ce za ka gan ta, har ka ji warinta. Idan kuwa sabulun ya fito tsaf sai 'yar lotsawa, to dutse ne. Igiyar da ka sauke ta kuma gaya maka zurfin wurin, wanda za ka buƙata nan gaba.

Ga yashi da laka, wato ƙasan da ya fi yawa a koguna irin su Neja da Binuwai da kuma madatsun ruwa, anka mai faffaɗan kunnuwa biyu ita ce ta fi ba da riƙo idan aka kwatanta da nauyinta. Ana kiranta Danforth, da sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta, Richard Danforth, kuma ta yi suna ne a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen sauke sojoji a bakin teku suke jefa ta a baya don su jawo kansu daga kan yashi. Kunnuwanta suna lilo a jikin ƙota, ta kowane gefe ta faɗi za su karkata su shiga ƙasa, kuma idan an ciro ta kwanciya take yi shafal, ba ta cin wuri a jirgi. Akwai irinta ta alminiyom, kamar ta kamfanin Fortress, wadda yaro ma zai iya ɗagawa. Amma tana da aibi biyu da ya wajaba a sani. Na farko, a kan dutse ko ciyawa mai kauri ba ta samun wurin shiga, sai ta yi ta zamewa. Na biyu ya fi tayar mini da hankali, domin ya shafi yanayin ƙasarmu kai tsaye: idan iska ta juya gaba ɗaya, jirgi ya zagayo ya ja ta ta ɗaya ɓangaren, takan fito daga ƙasa, kuma idan dunƙulen laka ko tsakuwa ya maƙale tsakanin kunnuwan da ƙota, ba za ta sake cizo ba. A damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take busowa, hadari kuwa daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa. Ke nan a daidai lokacin da jirgi ya fi buƙatar riƙo, a lokacin ne ake juya ankar ta baya. Wanda yake amfani da Danforth a damina, kada ya bar jirginsa ba kowa a ciki idan gabas ta fara haɗa baƙi.

Anka mai ƙirar garma ita ce take magance wannan matsala. Ta farkonta, wadda ake kira CQR, wani masanin lissafi da kimiyya ɗan Ingila, Geoffrey Ingram Taylor, ya fito da ita a 1933. Daga baya aka yi Delta, wadda ba ta da gaɓa tsakanin baki da ƙota. Idan jirgi ya juya, irin wannan anka takan juya tare da shi a cikin ƙasa, ko ta fito ta sake nutsewa bayan ɗan ja kaɗan. Tana aiki a yashi da yumɓu da tsakuwa, tana kuma iya huda ciyawa marar kauri. A laka mai ruwa-ruwa kuwa, noma take yi maimakon riƙo, sai ta yi ta tsaga lakar tana tafiya a hankali. Kusa da ita akwai mai yatsu uku kamar dagin dabba, wadda Peter Bruce ya ƙera a shekarun 1970 don manyan na'urorin haƙar mai na Tekun Arewa, aka kuma ƙanƙanta ta don ƙananan jirage. Tana saurin kamawa, ba ta da abin lalacewa, tana jure juyin iska, sai dai riƙonta bai kai na sauran ba, don haka akan sayi wadda ta ɗan fi nauyi. Sababbin ƙira irin su Rocna da Spade, masu baki kamar cokali, sun yi suna wajen saurin nutsewa da riƙo, amma tsadarsu da wahalar samunsu sun sa ba kowane mai ƙaramin jirgi ne zai neme su ba. A ganina, wanda zai mallaki anka ɗaya tak, kuma yana yawo wurare daban-daban, ya ɗauki mai ƙirar garma.

Ƙasan dutse da kututture labarinsa dabam ne, kuma ya shafe mu sosai, domin manyan tafkunanmu madatsu ne da ruwa ya cinye daji da garuruwa. Tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, ya haɗiye tsohon garin Bussa da itatuwan da ke kewaye. Tafkin Volta na Gana, wanda madatsar Akosombo ta haifar a 1965, ya shahara da bishiyoyin da suke tsaye a ƙarƙashin ruwa har yau. A irin wannan wuri, damuwar ba ta rashin riƙo ba ce, ta yadda za a ciro ankar ce bayan ta riƙe. Abin da ya dace shi ne ƙugiya mai yatsu huɗu ko biyar, irin wadda ake ciro guga da ita daga rijiya. Akwai ta kanti mai naɗewa, daga ƙasa da kilo 1 zuwa kilo 6 ko fiye, akwai kuma wadda mai walda zai haɗa da bututu da rodi. Ta mai walda tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: idan rodin bai yi kauri da yawa ba, kamar milimita 8 ga ƙaramin jirgi, to in ta maƙale aka ja da ƙarfi, yatsan zai miƙe ya saki, a gyara shi da hannu ko da ɗan bututu bayan an ciro. Amma ƙugiya ba ta da amfani a yashi da laka, kuma ba abar da za a kwana a kanta ba ce. Haka ita ma anka mai siffar kwano, wadda ƙotarta take tsaye a tsakiya, ta kwale-kwale ce da ɗan jirgin roba a ruwa mai kwanciya a kan laka, don a tsaya awa ɗaya a jefa ƙugiyar kifi. Iska mai ƙarfi tana tasowa za ta bi jirgin.

Bayan an tsai da iri, sai a zo kan nauyi. Ƙa'idar da matuƙa suka daɗe suna bi ita ce kilo 1 zuwa kilo 1 da rabi ga kowace mita ta tsawon jirgi. Jirgi mai mita 5 zuwa 6 zai buƙaci anka mai ƙirar garma ko mai yatsu uku ta kilo 5 zuwa 7, mai mita 7 zuwa 8 kuma ta kilo 7 zuwa 10. Danforth ta ƙarfe tana iya yin ƙasa da haka, kilo 4 zuwa 6 sun ishi jirgi mai mita 6 a yashi, ta alminiyom kuwa kusan rabin wannan, domin faɗin kunnuwanta ne yake aiki. Kowane kamfani yana da jadawalin da ke nuna girman da ya dace da tsawon jirgi, kuma ya kamata a duba shi, amma a tuna cewa tsawo kaɗai ba ya ba da cikakken labari. Jirage biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya buɗaɗɗe ne mai ƙasa-ƙasa, ɗayan yana da rumfa da ɗaki da dogayen gefuna, na biyun ya zama kamar tabarmar da aka shanya wa iska, jansa zai fi na farko nesa ba kusa ba. Haka jirgin da ake cika wa mutane da kaya, haka wanda zai tsaya a tsakiyar kogi inda ruwa yake gudu. Duk wanda jirginsa ya faɗa tsakanin girma biyu a jadawali, ko yake da ɗaya daga cikin waɗannan halaye, ya ɗauki babbar. Iyakar abin da zai hana shi ita ce ƙarfin hannu, domin a ƙaramin jirgi mutum ne yake jawo anka, kuma wadda ta wuce kilo 10 zuwa 12, ga sarƙa ga lakar da ta manne mata, za ta sa a riƙa jin ƙyuyar sauke ta, ankar da ake ƙyuyar saukewa kuwa ba ta tsare kowa.

Rabin aikin anka yana jikin sarƙa da igiya, kuma nan ne mutane suka fi yin rowa. Tsakanin anka da igiya dole a sa sarƙar ƙarfe wadda aka yi wa rufin hana tsatsa. Ga jirgi mai mita 5 zuwa 7, sarƙa mai kaurin milimita 6 ta isa, tsawonta kada ya gaza mita 3, in da hali ma ya kai tsawon jirgin. Nauyinta yana kwantar da ƙotar anka a ƙasa don jan ya zo a kwance, kuma ita ce take gogar dutse da tsakuwa a madadin igiya. Igiyar kuma ta zama ta nailan mai tufka uku, kaurin milimita 10 ga jirgin da bai wuce mita 7 ba, milimita 12 ga wanda ya fi haka. Dalilin zaɓen nailan shi ne tana nutsewa a ruwa, kuma tana miƙewa kamar roba idan raƙumin ruwa ya fizgi jirgi, sai ta shanye fizgar maimakon ta kai ta ga anka ta tumɓuke ta. Igiyar nan mai launin shuɗi ko rawaya da ake sayarwa a kowace kasuwa, mai yawo a saman ruwa, ba ta dace ba: rana tana cinye ta, ba ta miƙewa sosai, kuma tana iya naɗe farfelar injinka ko ta wani. Zoben haɗi mai noti da yake haɗa anka da sarƙa, a ɗaure notinsa da 'yar waya don kada ya warware a ƙarƙashin ruwa. Ƙarshen igiya kuma a ɗaure shi a jikin jirgi tun kafin a bar gaɓa, domin an sha ganin anka da igiyarta duka sun bi ruwa a gaban mai su.

Tsawon igiyar da za a saki shi ne abin da ya fi komai tasiri, kuma ba ya cin ko kwabo bayan an sayi igiyar. Ƙa'idar ita ce ninki bakwai. A auna zurfin ruwa, a ƙara tazarar da ke tsakanin saman ruwa da goshin jirgi inda igiya take fita, sannan a ninka sau bakwai. Idan zurfin mita 4 ne, goshin jirgi kuma mita 1 ne daga ruwa, an sami mita 5, ke nan za a saki mita 35. Da wannan tsawo, igiya tana isa ga anka a karkace ƙwarai, kusan a kwance. Idan aka saki ninki uku kawai, igiyar ta miƙe sama ke nan, tana ɗaga ƙota kamar manomin da ya kai ƙarshen kunya. A ruwa mai kwanciya da rana, ana zaune a jirgi, ninki biyar ya wadatar, idan kuwa hadari ya taso a saki har ninki goma. A wurin da teku take cikowa tana janyewa, kamar gaɓar Legas, da zurfin lokacin cikowa ake lissafi. Wannan yana nufin ƙaramin jirgi yana buƙatar igiya mita 40 zuwa 50 aƙalla, kuma yana da kyau a yi mata alama da ɗan ƙyalle ko fenti a kowace mita 5. A kuma tuna cewa jirgin zai iya zagaya ankarsa da faɗin wannan igiya, saboda haka a duba kada dutse ko gaɓa ko wani jirgi ya kasance cikin da'irar.

Wajen saukewa, a fuskanci iska ko gudun ruwa, duk wanda ya fi ƙarfi, a tafi a hankali har jirgi ya tsaya cik. Ba a jifa da anka, sauke ta ake yi da hannu daga gaban jirgi har ta taɓa ƙasa, domin wadda aka wurga takan faɗi sarƙa ta naɗe mata kunnuwa. Sai a bar iska ta tura jirgin baya ana sakin igiya kaɗan-kaɗan, kuma a kula kada ƙafar kowa ta shiga cikin naɗin igiyar. Idan an saki abin da ake so, a ɗaure, sannan a sa inji a giyar baya da ƙaramin wuta na rabin minti don ankar ta nutse. Daga nan sai gwaji, wanda ni ban taɓa tsallake shi ba tun ranar da na ga bishiyoyin bakin wani dam suna wucewa ta gefena alhali ina zaton a tsaye nake. Ka durƙusa a goshin jirgi ka ɗora tafin hannunka a kan igiyar a waje da jirgin. Idan anka ta kama, za ka ji igiyar ta yi tauri shiru, tana miƙewa tana dawowa a hankali kamar numfashi. Idan tana ja, za ka ji karkarwa da 'yar fizga-fizga a tafinka, a kan tsakuwa ma har gurnani za ka ji yana hawowa ta cikin igiyar. Sannan ka zaɓi abu biyu a gaɓa da suke a jere, misali bishiya da tsaunin da ke bayanta, ka sa musu ido na 'yan mintuna. Muddin suna nan a jere, kana nan inda kake. Idan sun rabu, ƙara igiya, in bai yi ba ka ciro ka sake daga farko.

Akwai abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: kada a taɓa ɗaure igiyar anka a bayan ƙaramin jirgi. Bayan jirgi shi ne ya fi kusa da ruwa, ga nauyin inji a kansa, kuma faffaɗa ne, ba a yi shi don ya tsaga raƙuman ruwa ba. A ranar 28 ga Fabrairu, 2009, mutum huɗu suka fita kamun kifi daga gaɓar Fulorida ta Amurka a jirgi mai ƙafa 21. Ankarsu ta maƙale, sai suka mai da igiyar baya suka ba inji wuta don su fizge ta, bayan jirgin ya nutse, jirgin ya kife. Uku daga cikinsu suka rasu, har da 'yan wasan ƙwallon Amurka biyu, Marquis Cooper da Corey Smith, mutum ɗaya ne kawai, Nick Schuyler, aka tsinta da rai bayan kusan kwana biyu yana manne da jikin jirgin.

Idan anka ta maƙale, a matso da jirgi a hankali ana tattara igiya har ta miƙe tsaye daga goshi, a ɗaure ta a nan, a bar motsin ruwa ya yi ta ɗaga jirgin yana girgiza ta. Idan ba ta fito ba, a zagaya a hankali a ja ta daga ɓangaren da ya saba wa yadda ta shiga, igiyar tana nan a gaba, kowa kuma da rigar ceto a jikinsa. A wurin da aka san akwai kututture, tun kafin a sauke ake yin shiri: a ɗaura wata siririyar igiya a gindin anka, wato ta wajen bakinta, tsawonta ya ɗan fi zurfin ruwa, a ɗaura mata jarka a ɗaya ƙarshen ta yi yawo a sama. Idan babbar igiya ta gaza, sai a je wajen jarkar a jawo ankar ta baya, ta zare kamar ƙaya. Idan duk wannan bai yi ba, a kwance igiyar daga jirgi, a ɗaura mata jarka a bar ta a wurin, a dawo wata rana da masu nutso. Saboda irin wannan rana ake son ƙaramar anka ta biyu a jirgi, wadda irinta ya bambanta da na farko, da tata sarƙar da tata igiyar, a ajiye a inda hannu zai kai gare ta ba tare da an ɗaga kayan kowa ba.